Kunne Kafin Hannu: Ra'ayi Game da Atisayen Mai Koyon Kayan Kiɗa

Gabatarwa

A 'yan shekarun baya wani ɗalibina ya shigo ofis ɗauke da kukuma a cikin buhu. Kundin digirinsa yake rubutawa a kan wani makaɗin kukuma, sai sha'awa ta kama shi, ya ga bai dace ya yi ta sharhi a kan abin da hannunsa bai taɓa riƙewa ba. Ya sa aka haɗa masa ita a ƙauyensu, ya ɗaura aniyar koyo. Duk ranar Asabar da Lahadi yakan kulle kansa a ɗaki tun hantsi har la'asar yana goga. Bayan wata huɗu ya zo yana shaida mini cewa ya haƙura, domin a cewarsa ba shi da baiwa, kuma dama ai an ce ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Na roƙe shi ya kaɗa mini abin da ya koya. Ya ɗauki waƙa guda ya bi ta da sauri daga farko har ƙarshe, ya yi tuntuɓe a wurare uku. Na ce ya sake. Ya sake yin tuntuɓe a wuraren nan uku, kuma bai tsaya a kan ko ɗaya ba. Nan na fahimci matsalarsa. Wata huɗu ya yi yana koya wa hannunsa kuskure, kuma hannun ya koya sarai.

Wannan lamari shi ne musabbabin wannan maƙala. Ra'ayina shi ne, abin da ya fi raba wanda ya iya kayan kiɗa da wanda ya gaza shi ne irin atisayen da kowannensu ya yi, fiye da yawan lokacin da ya ɓata ko gidan da ya fito. Da kalmar atisaye ina nufin lokacin da mai koyo ke keɓewa musamman domin horar da kunnensa da hannunsa, saɓanin lokacin da yake kaɗawa don nishaɗin kansa ko don jama'a. Zan kuma nuna cewa gidajen makaɗan Hausa sun daɗe da sanin mafi yawan ƙa'idojin wannan atisaye, duk da cewa ba su rubuta su ba, kuma binciken zamani ya zo ya gaskata su. Maganar tana da muhimmanci a yau domin gidajen nan suna raguwa. Idan ba a tsamo hanyar koyarwarsu an miƙa ta ga wanda bai gada ba, to goge da kotso da gurmi da algaita za su koma kayan kallo a gidan tarihi.

Mene Ne Ɗan Na Gada Ya Gada?

Karin maganar da ɗalibina ya fake da ita tana da gaskiya, amma ya kamata a tambaya: mene ne ainihin abin da ɗan na gada ya gada? Ba a haifi kowa da gula a hannu ba. Abin da yaron gidan makaɗa ya samu shi ne tarbiyya mai matakai, wadda ta soma tun yana goye. Kafin ya iya magana ya ji kiɗan gidansu sau dubbai, a wurin biki da suna da fada da dandali, har take da kirari sun zauna masa a kai kamar yadda harshen uwa ke zama. Idan ya tasa ba a miƙa masa babbar ganga. Yakan fara da ɗaukar kaya da bin ayari, sannan tafi da amshi, sannan a rataya masa ɗan ƙaramin abin kiɗa irin kuntuku ko kazagi, wanda aikinsa bai wuce riƙe bugu guda ba, ana maimaita shi daga farkon waƙa har ƙarshenta. Idan ya kauce ko da ƙiftawar ido ne, harara ko tsawa daga uban kiɗa za ta dawo da shi nan take. Sai ya daɗe yana wannan, hannunsa ya zauna, kafin a yarda ya rungumi kalangu a hammata. Haka ɗan maƙeri ke farawa da zuga kafin a ba shi masaɓa.

Tarihin manyan makaɗanmu ya tabbatar da wannan tsari. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi ne a gidan kiɗan mahaifinsa, kuma ya jima a ƙarƙashin yayansa Abdu Kurna yana amshi da kiɗa kafin ya ja nasa ayarin. Idan aka duba da kyau, abubuwa huɗu ne irin wannan yaro ke samu: dogon sauraro kafin ya taɓa kaya, farawa da ɗan ƙaramin aiki har ya nuna, kunnen gwani mai gyara masa kuskure a daidai lokacin da ya auku, da kuma yin abin a kai a kai, kusan kullum. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da ke cikin jini. Dukkansu tarbiyya ce, kuma tarbiyya ana iya tsara ta ga kowa. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya tashi ne ba uban da zai riƙe masa hannu, amma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya kai sunan kiɗan Hausa ƙasashen duniya.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 1993 masanin halayyar ɗan'adam Anders Ericsson da abokan aikinsa biyu suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan ɗalibai masu koyon gogen Turawa a wata babbar makarantar kiɗa ta birnin Balin a Jamus. Sun kasa ɗaliban gida uku bisa ga ƙwarewarsu, suka ƙididdige sa'o'in da kowa ya yi yana atisaye shi kaɗai tun yarinta. Suka tarar cewa kafin su cika shekara 18, waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kimanin sa'o'i 7,400, masu bi musu 5,300, rukuni na uku kuwa 3,400. Kafin shekara 20 gwanayen sun doshi sa'o'i 10,000. Wannan adadi ne marubuci Malcolm Gladwell ya yayata a littafinsa na 2008, har mutane suka ɗauka cewa duk wanda ya yi sa'o'i dubu goma yana abu zai zama gwaninsa.

Ericsson da kansa bai amince da wannan fassara ba. Abin da ya auna shi ne atisaye na musamman: wanda malami ya tsara, mai manufa guda sananniya, mai neman cikakkiyar natsuwa, wanda kuma ake sanar da mai yinsa nan da nan ko ya dace ko ya kuskure. Irin wannan aiki yana da gajiyarwa, shi ya sa gwanayen ɗaliban ba su wuce sa'o'i uku zuwa huɗu a rana ba, kuma sukan rarraba su, su huta tsakani, har su yi ƙailula.

Wani binciken da ya fi dacewa da matsalar ɗalibina shi ne wanda Robert Duke da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 daga Jami'ar Tekzas ta Amurka. Sun ba ɗalibai 17 masu nazarin fiyano wata 'yar gajeriyar gaɓa mai wuya daga kiɗan Shostakovich, suka ce kowa ya yi atisaye gwargwadon yadda ya so, washegari aka gwada su. Tsawon lokacin da ɗalibi ya ɗauka bai nuna matsayin da zai samu ba, haka ma yawan maimaicinsa. Abin da ya bambanta ukun da suka fi kowa shi ne yadda suke yi da kuskure: suna gano daidai inda ya faru da dalilinsa, su rage sauri kafin su isa wurin, su maimaita shi har ya daidaita ya daina dawowa. Ke nan hannu ba ya bambance daidai da kuskure, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa.

Daga waɗannan bincike da kuma hikimar gidajen makaɗa, ga ɗabi'un da nake ganin ya wajaba mai koyo ya riƙe.

Sauraro Kafin Taɓa Kaya

Wanda bai san inda za shi ba, ba zai san ya ɓata ba. Mai koyon goge ko kukuma ya fi kowa buƙatar wannan, domin babu wata alama a jikin kayan da ke nuna inda za a aza yatsa. Kunne ne kaɗai alƙali. Saboda haka kafin mutum ya ɗauki izga, ya kamata ya saurari waƙar da yake son koyo har ya iya rera ta da baki, tare da amon kayan kiɗan da ke cikinta. Malamin gogen Turawa na ƙasar Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998, a kan wannan ya gina hanyar koyarwarsa. Ya lura cewa duk yaron Japan yana jin Japananci ba tare da an yi maganar baiwa ba, domin ya ji shi dare da rana kafin ya furta. Sai ya sa iyaye su riƙa kunna wa yara kiɗan da za su koya kullum, a kuma jinkirta karatun rubutaccen kiɗa har sai kunne ya waye.

Ga mai koyon kalangu da kotso akwai ƙarin dalili. Waɗannan ganguna magana suke yi. Makaɗi na matse tsirkiyoyin da ke jikin gangar ne ko ya sassauta su domin amon ya hau ko ya sauka, yana bin karin sautin Hausa na sama da na ƙasa da faɗau, da tsawon gaɓa da gajartarta. Wanda bai san kalmomin take ba, hayaniya kawai zai yi. Don haka ya fara faɗar taken da baki, yana tafa cinya, sannan ya mayar da shi kan fata. Makaɗan tabla na ƙasar Indiya, waɗanda kunnen Bahaushe ya saba da amonsu ta hanyar finafinai, haka suke koyo: kowane bugu yana da gaɓar da ake furtawa, kuma ɗalibi yakan haddace jerin da baki kafin ya buga. Abin da baki bai iya faɗa ba, da wuya hannu ya buga shi daidai.

Sannu a Hankali, Gaɓa-Gaɓa

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Babban jarrabin mai koyo shi ne son ya ji kansa yana kaɗawa da saurin faifan da yake saurare. Amma saurin gwani sakamako ne na motsin da ya riga ya tsabtata. Ƙa'idar ita ce a sauko da sauri zuwa inda hannu zai iya yin abin ba kuskure, ko da kuwa waƙar ta daina kama da kanta. Idan ya fita daidai sau da dama a jere, sai a ƙara sauri kaɗan. Idan kuskure ya dawo, a koma baya. A yau akwai manhajar ƙirga bugu da ake saukewa a wayar hannu, akwai kuma hanyar rage saurin faifai ba tare da amonsa ya sauya ba. Waɗannan suna iya tsayawa a madadin kuntukun da ke riƙe wa yaron gidan makaɗa awo.

Haka kuma ba a haɗiye waƙa gaba ɗaya. A yanka ta layi-layi, kamar yadda malamin allo ke rubuta wa almajiri ɗan abin da zai iya riƙewa, kuma ba a wanke allon sai ya haddace. Idan aiki ya haɗa motsi biyu, a raba su. Mai goge ya ɗauki lokaci yana jan izga a kan tsirkiya ba tare da taɓa ta da yatsa ba, har amon ya fita sumul ba ƙara ba karkarwa. Mai kalangu ya koyi matsi da sassautawa dabam, bugun gula dabam, sannan ya gwama. Mai algaita, wanda ke buƙatar iya shaƙar iska ta hanci alhali kumatunsa na tura wadda ya tara, yana iya farawa da hanyar da masu bushe-bushe suka sani a ƙasashe da dama: busa ta cikin siririn kara a kofin ruwa, yana ƙoƙarin kada kumfar ta yanke.

Tsayawa a Kan Wurin da Ke da Wuya

Wannan ita ce ɗabi'ar da ɗalibina ya rasa. Rai yana son abin da ya iya, don haka mai koyo yakan ɓata mafi yawan lokacinsa yana maimaita sashen da ya riga ya zauna, ya yi tsalle a kan wanda ke ba shi wahala. Sakamakon shi ne farkon waƙa ya yi kyau, tsakiyarta ta zama rami. Maganin shi ne a fara da ramin. A tambayi kai: a daidai ina na kauce? Yatsa ne ya makara, ko izga ce ta ƙare, ko kuwa tun a kunne ban san abin da ya kamata ya fito ba? Kowace amsa da irin gyaranta. Bayan an gyara, a haɗa wurin da abin da ke gabansa da abin da ke bayansa, domin sau da yawa a mahaɗar gaɓoɓi ake faɗuwa. Ya kamata kowane zama ya kasance da manufa guda da za a iya faɗa a jumla ɗaya kafin a fara, a kuma tantance a ƙarshe ko an cimma ta.

Kaɗan Kullum

Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. A 1978 Alan Baddeley da abokin aikinsa suka wallafa wani bincike a kan ma'aikatan gidan waya na Birtaniya da ake koya wa buga na'urar rubutu. An kasa su gida huɗu, daga masu sa'a ɗaya a rana har zuwa masu sa'o'i huɗu. Masu sa'a ɗaya a rana su suka koya cikin mafi ƙarancin jimillar sa'o'i. Wani binciken da Matthew Walker da abokansa suka wallafa a 2002 ya nuna cewa mutanen da aka koya wa jerin motsin yatsu sun ƙara sauri da kimanin kashi 20 cikin 100 bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba. Ma'ana, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da aikin bayan an ajiye kaya. Wanda ya yi rabin sa'a kullum ya ba ta darare bakwai na wannan aiki a mako, wanda kuwa ya tara komai zuwa Asabar da Lahadi ya ba ta biyu.

A ganina rabin sa'a zuwa minti arba'in ya wadatar da sabon mai koyo, musamman idan ya tsayar da lokaci guda da ba ya sauyawa. Ya fara da ɗaure kayansa da daidaita amonsa, wanda shi ma darasi ne. Ya san cewa fata na saki da damina, tana ɗaurewa da hunturu, ya san lokacin shanya ganga da lokacin shafa ƙaro a izga da yadda ake zaunar da jakin goge. Sannan ya yi 'yan mintoci yana motsa hannu, ya ba wuri mai wuya kaso mafi tsoka, ya yi bitar abin da ya koya a makwannin baya domin kada ya zube, ya rufe da kaɗa abin da yake so don jin daɗi. Idan wuyan hannu ko kafaɗa ta fara ciwo, ya tsaya. Ciwo alama ce ta riƙon da bai dace ba, kuma jurewa a kansa nakasa yake haifarwa.

Kunnen Wani da Kiɗa Cikin Jama'a

Laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani. Mai kaɗawa yana jin abin da yake nufi ne, ba lallai abin da ya fito ba. Don haka yana buƙatar kunne na biyu. Mafi kyau shi ne na gwani, ko da sau ɗaya ne a mako. Idan babu, wayar da ke aljihunsa tana iya ɗaukar kiɗansa ya saurara daga baya, ya gwada da na faifai. Wannan yana da ɗaci a farko, amma babu madubin da ya fi shi gaskiya.

Bugu da ƙari, kiɗan Hausa na ayari ne. Mai kalangu yana da ɗan karɓi, mai goge yana da masu ƙwarya, mawaƙi yana da 'yan amshi. Akwai abubuwan da ɗaki ba zai koyar ba: shiga a kan gaɓa, jiran mawaƙi ya sauke numfashi, karanta ƙafar mai rawa, komawa kan hanya bayan an kauce ba tare da an tsaya ba. A ɗaki ana tsayawa a gyara, a fage kuwa ana wucewa. Mai koyo na buƙatar duka biyun, amma ya san lokacin kowanne.

Ƙorafe-Ƙorafen da Za a Iya Yi

Mai karatu na iya cewa na rage wa baiwa daraja. Ban musanta ta ba. A 2014 Brooke Macnamara da abokan aikinta suka tattara bincike masu yawa, suka kammala cewa atisaye na musamman yana bayyana kimanin kashi 21 cikin 100 ne na bambancin da ke tsakanin makaɗa. Ke nan akwai sauran dalilai, har da abin da Allah ya hore wa wani bai hore wa wani ba. Ba kowa ne zai zama Narambaɗa ba. Amma ba a sanin iyakar baiwar mutum sai bayan ya yi atisayen da ya dace, kuma mafi yawan masu yanke wa kansu hukuncin rashin baiwa ba su kai nan ba. Sannan al'ada ba ta rayuwa da gwanaye kaɗai. Tana buƙatar matsakaitan makaɗa masu yawa, waɗanda daga cikinsu ne gwani ke fita, kuma su ne ke gane shi idan ya fito.

Wani kuma zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda ya girma ya makara. Gaskiya ne yaro ya fi saurin ɗauka, amma babba yana da natsuwa da sanin abin da yake nema. Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi, ya haura shekara arba'in lokacin da ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi yankin tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe na biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Ya koya, ya kuma kai biram dandalin duniya kafin rasuwarsa a 2018. Da ya ce ya makara, da abin ya bi tsohon kabari.

Haka nan bai kamata a ɗauka cewa ina wanke tsohuwar hanya daga aibi ba. Tana da duka da tsangwama, tana da ɓoye sirri, ba ta cika yin bayani ba, kuma takan rufe ƙofa ga wanda ba ɗan gida ba. Yaro kan yi shekaru yana dako alhali da an yi masa bayani da ya koya cikin watanni. Abin da nake kira a kai shi ne a ɗauki tsarinta, a bar waɗannan.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na zamani: tunda fiyanon situdiyo na fitar da amon kalangu da na goge, mene ne amfanin wahala? Amsa ita ce, amon da ke cikin na'ura wani makaɗi ne ya fara buga shi, kuma na'urar ba ta san taken kowa ba, ba ta kuma amsa wa mawaƙi idan ya sauya hanya. Ko mai koyon fiyano da jita ma, ɗabi'un da na lissafa su ne dai hanyarsa.

Nauyin da Ke Kan Jami'a

Sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi aiki abin yabo wajen adana waƙar baka. Ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa da diwanin waƙoƙinsu shaida ne. Tun a 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, kuma a 2008 Jacqueline DjeDje ta wallafa littafi a kan goge a tsakanin Fulani da Hausawa da Dagomba. Amma mafi yawan nazarinmu yana tsayawa ne a kan matani: jigo da salo da zubi. Muna yaye ɗaliban da suka rubuta babi a kan kotso ba su taɓa jin nauyinsa a kafaɗa ba. Muna adana abin da makaɗi ya faɗa, muna barin abin da hannunsa ya sani ya mutu tare da shi.

Ina ba da shawarar abubuwa uku. Na farko, a gayyato makaɗan da suka rage su koyar a aikace, a biya su a matsayin malamai, ba 'yan nishaɗin ranar taro ba. Na biyu, a ɗauki hoton bidiyo na hannuwansu daga kusa, suna kaɗawa a hankali suna bayani, a tsara shi mataki-mataki daga kuntuku zuwa kalangu. Na uku, a sanya darasin aikace na abin kiɗa guda cikin manhajar nazarin waƙar baka ga mai sha'awa. Muna da abin koyi a maƙwabta, domin tun ƙarshen shekarun 1980 birnin Yamai ke da cibiyar horar da makaɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, wadda ke koyar da kiɗa tana kuma adana kayan kiɗan gargajiya. Na san cewa a al'adarmu kiɗa na tafe da roƙo, kuma wannan na sa ɗalibai da iyayensu ɗari-ɗari. Amma koyon abin kiɗa domin ilimi dabam, sana'ar roƙo dabam, kuma jami'a ce wurin da ya fi dacewa a nuna wannan bambanci.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa fifikon ɗan na gada tarbiyya ce mai ƙa'idoji: sauraro kafin taɓa kaya, tafiya sannu gaɓa-gaɓa, tsayawa a kan kuskure har ya gyaru, yin kaɗan kullum, da miƙa kai ga kunnen wani. Ɗalibina bai mayar da kukumarsa ƙauye ba. Ya koma yin rabin sa'a kowace safiya, ya ware makwanni a kan wuraren nan uku kaɗai, ya kuma sami wani dattijon makaɗi da yake zuwa wurinsa ranar Alhamis. Bai zama gwani ba, kuma bai ce zai zama ba. Amma a babi na huɗu na kundinsa ya nuna wuraren da kukuma ke karɓar kalmomin amshi tana faɗa a madadin mawaƙi yayin da yake hutawa, abin da na saurari faifan nan shekara da shekaru ban taɓa lura da shi ba.